JARIDA ITA CE MUDUN TALAKA

Wannan ita ce laccar da akawun jam'iyyarmu ya yi a Hotoro, cikin Ƙaramar Hukumar Nasarawa ta Kano, a gaban 'yan jam'iyya da 'yan kasuwa, maza da mata. Mun buga ta dukanta saboda waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa na kusa da shi.

Dattawa, iyayenmu mata, 'yan'uwa samari, muna gode muku da kuka rufe rumfunanku da wuri kuka taho. Mun ga masu kayan gwari na 'Yankaba, mun ga 'yan goro na Mariri, mun ga masu shayi da masu faci na bakin titin Maiduguri. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Da aka ce yau a kan jarida za mu yi magana, sai wani dattijo ya tare mu a ƙofa ya ce, "Malam Akawu, mu da muke fama da tsadar masara, ina ruwanmu da takarda? Jarida ai sai ƙunshin ƙosai." Ba mu ga laifinsa ba, gama mutane da yawa haka suke gani, shi dai ya fi su ƙarfin halin faɗi. To, Baba, tambayarka ita za mu amsa a daren nan. In mun ce jarida kuwa, muna nufin duk inda ake neman labari, a tace shi, a kai wa jama'a, ko takarda ce, ko rediyo, ko talabijin, ko wadda ake karantawa a cikin waya.

ƘURI'A YINI GUDA CE

Ku 'yan kasuwa ne, kun fi mu sanin ciniki. Mutum ya je Dawanau sayen gero, ba ya miƙa kuɗinsa don dillali ya rantse masa. Sai ya zura hannu cikin buhu ya ga ƙwaya, sa'an nan ya ce a auna a gabansa. In an ce ba mudu, ba ciniki ke nan.

To, zaɓe ma ciniki ne. Mai neman kujera ya zo da alkawari, ku kuma kun zo da ƙuri'a. Abin da ya raba su shi ne, a kasuwa kana ganin kaya kafin ka biya, amma a zaɓe yau kake biya, kayan kuwa a kawo maka a hankali cikin shekara 4. Shekara 4 kwana 1,461 ne. Yini guda ne naku, watau ranar jefa ƙuri'a. Sauran kwana 1,460 wa yake auna muku abin da ake kawowa? Mai sayar da tumatir ba shi da damar barin kwandonsa ya je ya zauna a Majalisa. Mai shayi ba za a bar shi ya shiga Gidan Gwamnati ya ce a nuna masa takardar kwangila ba. Wanda aka ɗora wa wannan aiki shi ne ɗan jarida. Shi zai je ya ji, ya gani, ya tambaya, ya dawo ya ce, "An ce buhu goma za a kawo, bakwai muka ƙirga." Don haka muka ce jarida mudun talaka ce. Inda babu ita, talaka yana saye ne a cikin duhu, kuma kun san an ce rashin sani ya fi dare duhu.

YADDA ABIN YA FARO

Mu da muka yi makarantar mishan, a aji aka koya mana cewa jarida ta fari a ƙasar nan ita ce Iwe Irohin, wadda wani ɗan mishan mai suna Henry Townsend ya fara bugawa da Yarabanci a Abeokuta a 1859. A nan Arewa kuwa, wadda ta shiga gidajen mutane sosai ita ce Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara a Zariya cikin Janairu 1939, Malam Abubakar Imam yana edita. Gwamnatin Turawa ce ta kafa ta, kuma ɗaya daga cikin dalilanta shi ne jita-jitar da ta cika gari a lokacin, wai Ingila za ta miƙa wa Jamus Nijeriya. Ta koya wa dubban mutane son karatun boko, ta kuma buɗe filin wasiƙu inda malamin makaranta ko akawun En'e zai rubuto ra'ayinsa. Wannan alheri ne babba, ba mai musunsa. Amma jaridar gwamnati ce, akwai iyakar da ba ta ƙetarewa.

Masu ƙetare iyakar sai suka fito daga wani wuri. Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Ikko a 1937. A 1945, lokacin babban yajin aikin ma'aikata, gwamnatin Turawa ta hana buga Pilot da 'yar'uwarta Daily Comet saboda sun goyi bayan ma'aikata. A 1949 aka dawo da Comet nan Kano. Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum 8 suka kafa jam'iyyar NEPU a garin nan, ɗaya daga cikinsu kuwa, Malam Magaji Dambatta, ɗan jarida ne a Comet. Tun daga nan kukan da talaka yake yi a zaure cikin raɗa, kan haraji da aikin tilas da hukuncin da ba ɗaukaka ƙara, ya fara fitowa a takarda, ana karantawa a Kaduna da Ikko.

Ku dubi zaɓen 1951. Ba kai tsaye aka jefa ƙuri'a ba, hawa-hawa aka yi. Unguwa ta zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi waɗansu, har a kai matakin lardi. A matakin ƙarshe kuma aka ba En'e ikon cusa mutanenta, kashi 10 cikin 100. 'Yan NEPU sun yi nasara a matakan farko a birnin Kano, amma ko ɗayansu bai kai Majalisar Kaduna ba. Da a ce an yi shiru, da an ci gaba da auna wa jama'a da wannan mudu mai huji. Amma aka yi ta rubutawa, aka yi ta lacca. A zaɓen tarayya na 1959 kowane baligi namiji a Arewa ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa, a asirce, Malam Aminu Kano kuma ya ci kujerar Kano ta Gabas. Haraji da jangali, waɗanda aka shekara wajen 30 ana kuka da su, an soke su a jihohin Kano da Kaduna a 1979. Ba mu ce jarida kaɗai ta yi wannan ba. Mutane sun sha bulala, sun sha ɗauri. Amma jarida ce ta sa mutumin Gaya ya san cewa abin da ke cinsa yana cin mutumin Bici, har suka gane ashe su masu yawa ne.

GIDAN DA KE BAKIN TITINMU

Ba sai mun yi nisa ba. Ga gidan talabijin can a bakin titin Maiduguri, nan Hotoro, kullum kuna wuce shi. Gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ce ta kafa shi da sunan CTV, bayan rasuwarsa a 2010 aka mayar masa da sunansa. Ita ce kuma ta kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980. Kamfanin ya riƙa buga Albishir da boko, da Alfijir da ajami, don malamin zaure da almajirinsa su ma su karanta labarin duniya da rubutun da suka sani.

Ku ji abin da ya sami wannan kamfani. A tarzomar 10 ga Yuli 1981, wadda aka kashe Dokta Bala Muhammad a cikinta, gidan Rediyon Kano da ofishin Triumph suna cikin wuraren da aka far wa. A 2012 kuma gwamnatin jiha da kanta ta rufe kamfanin, sai daga baya aka farfaɗo da shi. Watau 'yan tarzoma sun san inda za su nufa, mai gida ma ya san inda makulli yake.

Darasin a nan shi ne, kowace jarida da mai ita. An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Gidan da gwamnati ke biyan albashinsa, ke naɗa shugabansa, da wuya ya buɗe labaransa da laifin gwamna. Ba ma zargin ma'aikatan, cikinsu akwai ƙwararru masu son gaskiya, su ma iyali gare su. Amma ku tuna da kuɗin jama'a aka gina gidan, da shi ake sayen man injinsa. Ba na gwamna ba ne, ko wane ne gwamnan, ko da ɗan jam'iyyarmu ne. Hakkinku ne a ji muryar kowane ɓangare a cikinsa.

Sai a 1992 doka ta yarda ɗan kasuwa ya kafa gidan rediyo ko talabijin nasa. A Disamba 2003 Freedom Radio ta fara aiki a Kano, waɗansu kuma suka biyo baya. Tun daga nan kuka fara jin matar da aka kora daga rumfarta tana magana da bakinta, gari duka yana saurare. Mutane nawa ne aka gyara musu taransifoma ko aka kwashe musu bola don kawai mahukunta sun ji kunyar a sake ambatarsu a rediyo?

ABIN DA TONO YAKE HAIFARWA

Bari mu kawo muku misali uku na abin da labari ingantacce yake yi.

Na ɗaya, a 1996 annobar sanƙarau ta auka wa Arewa. Kamfanin magani na Amurka mai suna Pfizer ya zo Asibitin Zana a nan Kano, ya yi gwajin wani sabon magani, Trovan, a kan yara wajen 200. Rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani tsohon magani. Yara 11 suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, kuma ya nemi izini. Shekara 4 maganar tana kwance, iyayen talakawa ne, ba su da lauya, ba su da wanda zai ji su. Sai a Disamba 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta buga binciken da ta yi, da takardu da sunaye. Daga nan gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti, aka shiga kotu a nan da can Amurka. A 2009 kamfanin ya yarda ya biya dala miliyan 75 don sasantawa da Jihar Kano, ko da yake bai amsa laifi ba. Kuɗi ba ya dawo da ɗa. Amma ba don wani ya tono ba, da ko sannu ba a ce wa iyayen nan ba.

Na biyu, maƙwabtanmu na Nijar. A 2004 fari da fara sun cinye amfanin gona, a 2005 yara suna mutuwa a Maraɗi da kewayenta. An yi watanni ana neman agaji, duniya ta yi kunnen uwar shegu. Da gidan BBC ya nuna hotunan yaran a watan Yuli, sai ga jiragen abinci suna sauka. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasarsa, a Afrilu 2006 kuma gwamnatinsa ta hana wakilan BBC ɗaukar labarin. Wani masanin tattalin arziki ɗan Indiya, Amartya Sen, wanda ya sami kyautar Nobel a 1998, ya bi tarihin manyan yunwoyi na duniya, ya nuna cewa babbar yunwa ba ta aukuwa a ƙasar da ake zaɓe na gaskiya kuma jarida take da 'yanci. Dalili kuwa a fili yake. Mai mulki ba ya kwana da yunwa, sai an tilasta masa ya ji ta mutane. To, Baba mai tambayar masara, ka ga inda takarda ta haɗu da tukunya.

Na uku, kuɗin ƙananan hukumomi. Kowane wata ana raba kuɗin tarayya a Abuja tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, 44 daga cikinsu a Jihar Kano suke. A da, in ka tambayi ciyaman sai ya ce ba a turo kome ba, ba ka da abin cewa. A 2004 Ministar Kuɗi, Ngozi Okonjo-Iweala, ta fara buga abin da kowace jiha da kowace ƙaramar hukuma ta samu a cikin jaridu. Ranar 11 ga Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Lissafin ba a ɓoye yake ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai ɗauko shi ya ajiye kusa da kwalbatin unguwarku da ta karye, ya ce ga abin da ya shigo Nasarawa a wata kaza, ga kuma abin da muka gani a Hotoro. Wannan aikin ɗan jarida ne, kuma shi muke nema daga gare shi.

ABIN DA SUKA BIYA

Da jarida ƙunshin ƙosai ce kawai, da masu iko ba su wahalar da kansu a kanta ba. A 1973 a Fatakwal aka aske wa Minere Amakiri kai, aka yi masa bulala 24, don ya buga koke-koken malaman makaranta a ranar bikin haihuwar gwamnan soja. Ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya. A 1984, ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka aika wa Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, bom a cikin ambulan har gidansa, ya kashe shi. Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996 zamanin Janar Abacha, iyalinsa ba su sake ganinsa ba. A garin nan, ranar 20 ga Janairu 2012, ranar da Boko Haram ta kai wa Kano hari, aka harbe Enenche Akogwu na gidan talabijin ɗin Channels yana bakin aikinsa.

Na kusa-kusa kuwa duk kun san shi. A Oktoba 2018 Ja'afar Ja'afar na jaridar Daily Nigerian ya fitar da hotunan bidiyo da ya ce suna nuna gwamnan lokacin, Dokta Abdullahi Umar Ganduje, yana karɓar daloli daga hannun 'yan kwangila. Gwamnati ta musanta, ta ce haɗa hotunan aka yi, gwamnan kuma ya kai ƙarar ɓata suna. Majalisar jiha ta kafa kwamiti, Ja'afar ya bayyana a gabansa, sa'an nan kotu ta tsayar da binciken. A 2021 ya bar ƙasar zuwa Ingila, ya ce yana tsoron ransa. Mu ba alƙalai ba ne, ba mu zo yanke wannan shari'a ba. Abin da muke so ku lura da shi shi ne, jarida ba ta da ɗan sanda, ba ta da gidan yari. Iyakar ikonta ta ajiye magana a fili. In majalisa da kotu da masu ƙuri'a ba su ɗauka daga nan ba, a nan za ta tsaya.

MUDU MA AKAN BUGE GINDINSA

Yanzu kuma sai mu faɗi mai ɗacin. Kun san akwai mai awon da yake buge gindin mudunsa, a ido ya cika, a gida ya kasa. A aikin jarida ma akwai irinsa. Akwai wanda ba ya rubuta labari sai an sa masa na goro a ambulan. Akwai wanda mai gidansa bai biya shi albashi ba wata da watanni, ya bar shi ya ci da katin aikinsa. Akwai kuma sojojin baka, waɗanda ake saya wa fili a rediyo su yi ta zagin wani, gobe in an fi biyansu su koma yabonsa. Kowace jam'iyya tana da su, ba mu cire tamu ba. Wannan ba aikin jarida ba ne, roƙo ne da lasifika.

Ƙarya kuwa tana kisa, mu mutanen Hotoro mun gani da idonmu. Bayan abin da ya faru a Asibitin Zana, mutane suna da dalilin yin tsoro. Amma sai aka ɗora ƙarya a kan wannan tsoro, aka ce allurar rigakafin shan inna tana hana haihuwa. A 2003 Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a koma ba sai a tsakiyar 2004, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a wurare biyu, ɗaya a nan yankin Hotoro, ɗaya a Unguwa Uku. Kwanaki kaɗan kafin nan gidan rediyon Wazobia ya watsa wani shiri mai sukar rigakafin. Aka kama ma'aikatansa, hukumar kula da gidajen rediyo ta dakatar da lasisin gidan. Ba mu ce shirin ne ya ɗauko bindiga ba, alhakin jini yana wuyan wanda ya harba. Amma magana zarar bunu ce. Sai a Agusta 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar shan inna daga Afirka, bayan yara da yawa sun gurgunce a banza.

Ku gwada labaran nan biyu. Duka a kan magani ne, duka a Kano. Na farko an bi shi da takardu, an tambayi wanda ake zargi, ya jawo wa talaka hakkinsa. Na biyu an ce wai ne, ya jawo gurgunta da jana'iza. Bambancin ɗan jarida da mai baza jita-jita ke nan. Yau kuma da kowa ke da waya a aljihu, kowa ya zama mai buga labari, sai a ƙara hankali.

Mu ma a ofishinmu an gwada mu. Wani ɗan jam'iyya ya kawo mana labari cewa wani kansila na ɗaya ɓangaren ya sayar da takin da aka ba mazaɓarsa. Muka ce, "Ka gani?" Ya ce a'a, ya ji ne a majalisar shayi. Muka riƙe labarin mako biyu, muka aika aka duba. Ashe takin ma bai iso ba tukuna. Mutumin ya yi fushi, ya ce muna kare abokan gaba. Da mun buga, da mun ci mutuncin wanda bai yi laifi ba, kuma ranar da muka kawo muku na gaskiya da kun ce ai su ne masu labarin taki. Jaridar jam'iyyar hamayya ba ta da gwamnati a bayanta, ba ta da kuɗin talla. Jarinta guda ne, a yarda da maganarta. Don haka wannan jarida da za a buga laccar nan a cikinta, ita ma ku auna ta. In mun yi kuskure ku rubuto, wajibi ne mu gyara a fili.

ABIN DA DOKA TA BA KU

Waɗansu suna tsammani tambayar hukuma rashin kunya ne ko laifi. Ba haka ba ne. Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin nauyin sa gwamnati ta yi wa jama'a bayanin ayyukanta. Sashe na 39 ya ba kowane mutum 'yancin faɗin ra'ayinsa da karɓar labari da isar da shi.

Bugu da ƙari, ranar 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai. Ba ta 'yan jarida kaɗai ba ce, ta kowa ce. Kana iya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ka ce a nuna maka takardar kwangilar titin unguwarku, nawa aka ware, wa aka ba, nawa aka biya. Ba sai ka faɗi dalilinka ba. Kwana 7 doka ta ba su su amsa. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya rubuta masa. In an hana ba bisa ƙa'ida ba, ana iya zuwa kotu, tarar kuwa naira 500,000 ce. Jihohi da yawa sun daɗe suna cewa dokar ta Abuja ce, ba ta shafe su ba. A Afrilu 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi ma. Ƙofa a buɗe take, masu shiga ne suka yi kaɗan.

ROƘONMU GARE KU

Za mu rufe da roƙo biyar.

Na fari, ku sayi jarida. In mutum guda ba zai iya ba, rumfa biyar su haɗa kuɗi su sayi ɗaya. Jaridar da talaka bai saya ba, wani zai saye ta, sa'an nan ta yi masa aski.

Na biyu, a kowane layi na kasuwa a sami mai karatu guda da zai karanta wa sauran bayan la'asar, yadda iyayenmu suka riƙa yi da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Iyayenmu mata, kada a bar ku a baya, yaranku 'yan makaranta su karanta muku.

Na uku, ku kawo labari, amma irin wanda zai tsaya da ƙafarsa. In an karɓi kuɗin rumfa ba rasit, ku riƙe rana da wuri da adadin kuɗin, da wanda ya shaida. In an ba da rasit ku adana shi. Ofishinmu a buɗe yake, mu za mu rubuta wa wanda bai iya ba, ba ko kwabo.

Na huɗu, kafin ka tura wa wani labarin da ya shigo wayarka, ka yi tambaya uku. Wa ya faɗa? Ya gani ne ko ji ya yi? An tambayi wanda ake zargi? In ba amsa, bar shi ya mutu a hannunka. Kuma kada ku tsaya ga gidan rediyo guda, ku ji na gwamnati, ku ji na 'yan kasuwa, ku ji na ƙasashen waje, sa'an nan ku gwada.

Na biyar, in an kama ɗan jarida saboda aikinsa, ko da na jaridar da ke zaginmu ne, kada ku yi dariya. Ku je kotu ku cika benci ranar shari'arsa. Igiyar da ta ɗaure shi tana da saura.

Baba mai tambaya, ga amsarmu. Ka ƙunshe ƙosanka da jarida, ba laifi, amma ka sa a karanta maka ita tukuna.

Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu, wanda yake da koke kuma ya same mu a teburin baya, takarda da biro suna nan. Allah ya kai kowa gida lafiya.